Ruwa Ya Nuna

Tsufa ya cinye mini sunayen mutane da yawa, har da na waɗanda muka ci tuwo a akushi ɗaya, amma ban taɓa mantawa da yinin da na fara shiga jirgin mutum ɗaya a Tabkin Giginya ba. Ku da kuka shigo sana'ar kifi a bayanmu kun sha jin guntun labarin a bakin mutane, kowa da gishirin da yake ƙara masa. Gara ku ji shi daga bakin wanda ya yi kuskuren.

A daminar 1975 ne. Lokacin garinmu Dungas tana ƙarƙashin Magarya, kwamanda ɗaya, wato shugaban hukumar yanki, ke riƙe da mu duka. Ni ba ɗan masunta ba ne. A gyaɗa na tashi: na fara da ɗaukar buhu a ka, na koma awo, har na kai ga rumfar kaina. Da fari na rashin ruwan sama ya jera mana shekaru, gyaɗa ta kwanta, sai na zauna na duba abin da mutane ba za su daina sa wa a miya ba, na koma kifi. Shekara biyu na yi ina ɗauko busasshe daga gabas ina rabawa a kasuwannin Magarya da Bande da Yekuwa. Na san kifi a kwando. Da hanci kawai ina gane wanda ƙwaro ya shiga. Amma cikin ruwa ban san shi ba, ban kuma san cewa ban sani ba.

Tabkin Giginya yana cikin kwari, tafiyar rabin yini a amalanke daga Bande. Ga wanda bai san tsarin masunta ba, kowane ruwa yana da Sarkin Ruwa. Shi ke faɗin ranar shiga da ranar fita, shi ke raba wa masu jirgi da masu gora da masu koma, ƙaramar ragar hannu, wurarensu, shi ke kashe rigima in ƙugiyar wani ta shiga ragar wani. Ba shi da dogari, ba shi da takarda. Ƙarfinsa duka shi ne mutane suna jin kunyarsa. Sarkin Ruwan wancan lokaci sunansa Baba Kalla, wani dogon tsoho mara yawan magana. Sau ɗaya na taɓa zuwa wurinsa, a ranin shekarar da ta gabata, lokacin tabkin ya zama fili mai tsattsagewa, awaki na yawo a ciki. Ban ko sauka cikin kwarin ba. Na miƙa masa goro a ƙofar gida na ce, "Baba, in Allah ya dawo da ruwa aka ga kifi, kada wani ya riga ni ji." Ya ce, "To, Mamman, na ji."

Fiye da shekara ban ji daga gare shi ba. Sai wata ranar kasuwa, a tsakiyar damina, ga wani mai amalanke ɗan garinsu, Habu, ya tsaya a bakin rumfata.

"Mamman, Sarkin Ruwa na gaishe ka. Ya ce in gaya maka ruwa ya nuna."

"Sai me kuma ya ce?"

"Shi ke nan. Ya ce kai mai kifi ne, kana ji za ka gane."

Na kuwa gane, amma irin ganewar mai gyaɗa. A wurinmu abin da ya nuna tono yake jira, in ka yi nawa ɓera da gara su riga ka. Na ce a raina tsohon nan ya cika alkawari, saura ni. Kuma ban yi niyyar zuwa da kwando biyu kamar kowa ba. Na ƙudura in kwashe na yau in kwashe na gobe.

A ƙasarmu lokacin babu mai taru. Taru wata doguwar raga ce mai nauyi a ƙasa da tulluwa a sama, a zagaye ruwa da ita, ƙarti su kama bakin nan da bakin can su jawo ta tudu. Abin da ta zagaye ya zama nata, babba da ƙarami. Na ƙetare iyaka ta Maigatari na samo wani uban taru daga wajen Haɗeja, sunansa Ɗanladi, shi da mutanensa goma sha biyu. A kasuwar Maigatarin kuma na haɗu da wani babban Alhaji mai tura kifi Kano, wanda na daɗe ina neman ya san da zamana. Na buga ƙirji na ce masa cikin kwana goma zan ajiye masa mota guda ta banda. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, ni ba a yi mini magana biyu." Na ce ba zai ji ta biyu ba.

Saura takarda. Ba a shigo da baƙin masunta da babban kayan su sai da parmi, wato izinin hukuma. A ƙarƙashin kwamanda akwai mushen gandun daji, haka muke kiran ma'aikacin gwamnati a bakin Faransanci, shi ke kula da itatuwa da namun daji da ruwaye. Shi zai rubuta sunan ruwan, da irin kayan da za a yi su da shi, da kwanakin, ya buga hatimi. Na same shi a biro, wato ofishinsa, wani mutumin kirki ne, Mushe Isuhu. Ya saurare ni, ya ajiye alƙalami ya ce, "Ka yi magana da Sarkin Ruwan wurin? Ba na rubuta wa kowa ruwa sai da saninsa."

Na ce, "Mushe, ai shi ya aiko mini da kansa."

Ban yi ƙarya ba, iyakar sanina. Ya rubuta mini kwana uku, ya buga hatimi. Na ninke takardar na sa cikin hula.

Muka tashi daga Magarya bayan sallar asuba, babbar mota guda: taru a gaba, itacen banda a baya, masunta a bisa itacen, da mata huɗu da na ɗauko don gashi. Da hantsi muka gangaro kwarin. Wallahi da na hango ruwan sai da na dafa kafaɗar direba. Inda na bar awaki, ruwa ne shimfiɗe har gindin giginyu na can ƙetare, ganyen bado ya rufe gefe, tsuntsaye farare suna tashi suna sauka.

Mutanen garin suka fito, maza da mata. Abin da na lura da shi, ba wanda ya riƙo kwando, ba wanda ya yi mana guɗa. Jiragensu kuma duk a tudu suke, a kife. Wannan kaɗai ya isa ya gaya wa mai hankali wani abu, amma ni idona na kan ruwa.

Baba Kalla ya iso yana dogara filafilin tuƙa jirgi maimakon sanda. Ya dubi motar, ya dubi tarun da ake saukewa, sannan ya dube ni.

"Sannu da zuwa, Mamman. Wannan gayya fa? Aure za ka yi a garinmu?"

"Saƙonka ya kawo ni, Baba. Ka ce ruwa ya nuna."

"Na ce."

"To ga mu, mun zo girbi."

Wata tsohuwa a baya ta tafa hannu ta yi salati. Baba Kalla ya kafe filafilinsa a ƙasa. Can ya ce, "Yaro, wa ya koya maka kifi?"

"Kasuwa, Baba."

"Ta rage maka karatu. A bakinmu in an ce ruwa ya nuna, karfasa ta yi ja ke nan, ta hau gefe tana aure. Daga ranar an rufe ruwa, ba raga, ba taru, sai an yanke gero. Albishir na aika maka, ka ce kada a riga ka ji. Kuma ma'anarsa ka zauna gida."

Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a gadon baya. Sai Ɗanladi ya matso yana ɗaure wando.

"Maigida, mu dai kwana biyu muka yi a hanya. Akwai takarda ko babu?"

"Akwai."

"To rana na yi."

Zan gaya muku gaskiya, don ba kyan kaina na zo faɗi ba: niyyata a jefa tarun. Duk abin da na mallaka yana bisa motar nan, ga maganar da na ba Alhaji. Na ciro takardar na buɗe wa tsohon, na ce, "Baba, ka yi haƙuri, kuskure ne, amma aikin gama ya gama. Kwana uku ne kawai. Ruwa mai wannan faɗi ba zai ji kwana uku ba."

Bai iya karatun boko ba, amma ya san hatimi. Ya shafa shi da babban yatsa ya mayar mini.

"Wannan ta fi ni ƙarfi. Ba ni da abin da zan tare ka da shi. Amma an ce da can gyaɗa kake saye. Ka taɓa karɓar buhu ba ka soka masa ƙarfen nan ka ga abin da ke ciki ba?"

"Ban taɓa ba."

"To zo ka ga kayanka. In mun dawo ka yi abin da ka ga dama. Ni da kaina zan nuna wa mutanenka inda za su ja."

Ya san inda zai kama ni. Na ce wa Ɗanladi su dakata, na tuɓe babbar riga.

Aka birkito jirage biyu. Kada ku ɗauka irin kwale-kwalen fito ne da kuke gani. Gangar giginya ce aka rarake, tsawonta bai fi gaba biyu na babban mutum ba, faɗinta daidai ɗuwawu. Mutum ɗaya take ɗauka, shi ma in bai cika ƙiba ba. Na ce, "Baba, ba za mu shiga ɗaya ba?" Ya ce, "In kana so mu sha ruwa tare." Babban jirgi, in ji shi, yana kora kifi tun daga nesa, kuma ba ya ratsa bado. Ya koya mini a tsaye: in zauna can ƙasa, in miƙe ƙafafu, kada in kama gefe komai ya faru, in tuƙa sau ɗaya dama sau ɗaya hagu. "In ya karkata kada ka yi gardama da shi, ka saki ƙugunka ya bi shi." Ya jefa mini sandar fatsa da 'yar ƙwarya mai tana, shi ya ɗauki koma.

Ina zama jirgin ya fara rawa kamar ɗan maraƙi. Na tuƙa dama, na juya na fuskanci motata. Na tuƙa hagu, na sake fuskantar motata. Mutanen Ɗanladi suka fashe da dariya.

"Maigida, ka bar mana wasiyya!"

"Ku ce ya bar hular, takarda na ciki!"

Na cije haƙora na ci gaba da tuƙi. Sannu a hankali na gane abin da tsohon yake nufi da sakin ƙugu, jirgin ya daina faɗa da ni. Na bi bayansa ta wata siririyar hanya tsakanin ganyen bado, ciyawa tana shafar gwiwar hannuna ta kowane gefe, har hayaniyar tudu ta ɓace. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga filafili.

Muka fito a wani sarari ta gabas, inda ruwa ya hau kan rairayi. Zurfinsa bai wuce cinya ba. An kwana huɗu ba a yi ruwan sama ba, laka ta kwanta, ga rana ta kusa tsakiya, kana ganin ƙasa tas. Baba Kalla ya ɗaga filafili ya aza a cinya, ya yi mini alama in yi haka. Jiragen suka ci gaba da tafiya da kansu, a hankali.

Sai na duba ƙasa.

Na yi shekaru ina neman yadda zan kwatanta abin da na gani, har yau ban samu daidai ba. Rairayin duk ramuka ne zagayayyu, kowane kamar faɗin faifai, a jere kusa da juna kamar gidajen dara, iyakar ganina. A bisa kowane rami kifi ɗaya ne tsaye. Karfasa ce, wadda na sha aunawa baƙa ƙirin a kwando, amma nan maƙogwaro ja, ciki ja, bakin wutsiya ja, har ruwan kansa ya ɗauki launin, kamar an jiƙa karan dafi a cikinsa. Wannan ya tsinci yashi da baki ya je ya tofar a gefe ya dawo. Wancan ya ga maƙwabci ya ƙetare iyaka, ya buɗe ƙayoyin baya ya kore shi, ya komo ya tsaya daidai inda yake. Gari ne sosai, da unguwanni da hanyoyi, kowa da aikin gabansa, mu kuwa muna wucewa a samansu kamar gajimare, ba wanda ya kula da mu. Na ji bakina yana cewa Subhanallahi ba tare da na sa shi ba.

"Mazan ke nan," in ji Baba Kalla, murya ƙasa ƙasa. "Kowa ya gina ɗakinsa ya yi kwalliya. Jefa fatsarka. Ka zo su, kada ka koma ba ka taɓa ba."

Na soka tana na jefa. Ko ƙasa ba ta kai ba wani ya fizge ta, ba don yunwa ba, don haushin an shigo masa gida. Sandar ta lanƙwashe. A tudu kifi mai nauyin kilo guda ba komai ba ne, amma a cikin wannan jirgi sai na ji kamar bijimin sa na ɗaure. Ya ja hancin jirgin dama, ya ja shi hagu, ya shige ƙarƙashina, ruwa ya shigo ta gefe ya jiƙa mini wando. Na kai hannu zan kama gefe, tsohon ya daka mini tsawa, "Saki ƙugu!" Na saki. Kifin ya zagaya da ni sau biyu kafin ya gaji, na jawo shi na rungume a ƙirji.

Ban taɓa riƙe kifi mai rai irin wannan ba. Duk jikinsa tsoka ce, yana bugawa a hannuna kamar zuciya. Jan da ke maƙogwaronsa har ƙyalli yake. Amma ina kallo, cikin ɗan lokacin da na ɗauka ina zare ƙugiya, jan ya fara dushewa yana komawa toka-toka.

"Ka gani?" in ji Baba Kalla. "Kai ba ka taɓa sayar da wannan launi ba, kuma ba za ka taɓa ba. Ba ya kaiwa tudu. Mayar da shi, wani zai shige masa ɗaki."

Na sa shi cikin ruwa. Ya tsaya kaɗan a tafin hannuna, ya kaɗa wutsiya, ya miƙe sak zuwa raminsa, ba na kusa ba, nasa.

Daga nan tsohon ya ja ni gefen ciyawa, inda inuwar bado take. Ya nuna da haɓa. Wata karfasa ce mara ja tsaye a ƙarƙashin ganye, kewaye da ita wani abu kamar hayaƙi. Da na ƙura ido sai na ga 'ya'ya ne, kowane bai kai ƙwayar shinkafa ba, sai ido biyu baƙaƙe. Baba Kalla ya ɗaga filafili ya bi da inuwarsa ta kansu. Uwar ta buɗe baki. Hayaƙin nan duka ya tattaru ya kwarara cikin bakinta, kamar ana zuba gero a bututu, na ƙarshe yana ta kici-kicin neman wuri har ya samu. Ta rufe baki. Ruwan ya zama wayam kamar ba a taɓa yin komai a wurin ba.

"Ta cinye su!" na ce.

Ya yi dariya mara sauti. "Ta goya su dai. Ba ta da baya, sai ta yi goyo a baki."

Ya zura koma a hankali ya ɗago ta, bai fitar da ita daga ruwa ba. Ya ce in taɓa cikinta. Na taɓa, a shafe yake, fata da ƙashi. Maƙogwaron kuwa a kumbure.

"Tun suna ƙwai ta kwashe su daga ɗakin miji. Daga ranar ba ta sa komai a baki ba, azumi take. Ka kai mata tana har leɓe ba za ta ci ba. In taru ya matse ta, tofar da su za ta yi a laka, ƙafar masu ja ta bi ta kansu."

Na tuna sau nawa na ɗaga irin wannan kifi a kasuwa, mai ƙaton kai da ramammen jiki, na wurgar gefe na ce wa mai shi ya kawo mini mara lafiya. Baba Kalla ya karkata koma, ta fita abinta.

Wata tambaya ta tsaya mini a wuya. Na ce, "Baba, ni da idona na ga awaki a wurin nan. Duk waɗannan daga ina suka fito? Ƙorama ce ta kawo su?"

Sai ya juya jirgi. Muka tuƙa zuwa tsakiya, inda ruwa ya yi duhu. Akwai wata doguwar sanda kafe, an ɗaura mata tsumma a ka. Ya riƙe ta ya tsayar da jirginsa, na riƙe gefen nasa.

"Nan ƙasa akwai idon ruwa. Da tabki ya ƙafe, nan kaɗai ya rage, gurbi guda, faɗinsa bai fi masussuka ba. Abin da ya tsira a ciki ba zai cika kwando biyu ba. Mu biyar muka zauna a kansa, tsofaffi. Muka yi masa rumfa da ganyen giginya don kada rana ta dafa shi. Muna korar zalɓe, muna korar mutane."

"Mutane suna jin yunwa fa, Baba."

"Ni a ƙoshe nake? Dusa muke ci a gidana da tafasa. Gaiwa na bar kowa ya tona a laka, amma karfasa na ce ko ɗaya. An zage ni a garin nan, an ce na fi son kifi da jikokina. Babban ɗana ya zo da koma da rana tsaka, na tsaya a gabansa. Ya jefar da ita ya tafi Kano, har yau bai aiko ba." Ya gyara tsumman da ke kan sandar. "Mu biyar ɗin, biyu ba su ga dawowar ruwa ba. Bara da aka samu kaɗan, na sake hanawa. Jajayen da ka gani 'ya'yan na gurbin nan ne, wannan ne aurensu na fari. In suka haihu lafiya, tabki ya tashi. In ba su haihu ba, ni dai ba ni da wasu shekarun da zan sake zama a kan gurbi."

Bai roƙe ni ba. Ya saki sandar ya ce, "Mu koma, mutanenka na jira."

A hanyar komowa ban ji tsoron jirgin ba ko kaɗan, hankalina ba ya kansa. Ni ɗan kasuwa ne, kuma tunanin ɗan kasuwa na yi, ba na waliyyi ba. Na ga cewa abin da zan loda a mota ba kifi ba ne, iri ne. A gyaɗa ko mahaukaci ya san bambancin buhun sayarwa da buhun shuka. Amma bayan wannan tunani akwai wani abu da ya fi shi nauyi, wanda ba na kasuwa ba: na ga abin da ba a nuna wa kowa, na kuma ji cewa in na sa aka ja taru a kansa, ba zan iya sake cewa Subhanallahi da bakin nan ba.

Muka iso tudu ana kiran azahar. An riga an warware tarun an shimfiɗa shi a bakin ruwa, ƙarti sun tuɓe. Mutanen gari suna zaune a gindin giginya. Na fito da ƙyar, ƙafafuna sun sage.

"Ɗanladi, ku naɗe."

"Mu naɗe me?"

"Tarun. Ba za a jefa ba. Haƙƙinku yana wuyana kamar kun ja kwana uku, mota kuma za ta mayar da ku har inda ta ɗauko ku."

Ɗaya daga cikin mutanensa ya ce, "Tsohon ya tofa masa wani abu a ruwa!" Wani ya ce, "A'a, ruwan ya sha ta hanci." Ɗanladi bai yi dariya ba. Ya daka musu tsawa suka kama naɗi, shi kuma ya jawo ni gefe.

"Maigida, jajaye ne ko?"

"Ka sani?"

"Haba. Tun daga kan mota na ga jirage a kife. A cikin ruwa aka yanke mini cibiya. Mu ma a wajenmu da akwai wannan doka."

"To me ya hana ka gaya mini?"

Ya dube ni ido cikin ido. "Ka tambaye ni? Ka zo da mota da takarda ka ce a ja. In ban ja ba wani zai ja, shi ya ci, ni in kwana da yunwa. Na dai yi ta addu'a a zuci Allah ya sa tsohon ya iya da kai."

Na sauke itacen na bar wa garin. Matan da na ɗauko suka yi mini tsiya har Magarya. Washegari na koma biro na ajiye wa Mushe Isuhu takardarsa, na gaya masa yadda aka yi ban rage komai ba. Ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya ɗauko littafinsa ya rubuta cewa ba a ba da parmin taru a wannan tabki cikin damina. Alhajin Maigatari kuwa na je da ƙafata na faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Labarinka da daɗi, amma ba a loda shi a mota." Bai sake sayen ko kan kifi a hannuna ba har ya bar duniya, kuma ban ga laifinsa ba. Na yi shekara biyu kafin in miƙe daga wannan faɗuwa. Da aka yanke gero Baba Kalla ya buɗe ruwa, ga fatsa da koma kawai. Kwando biyu na samu a makon farko, a bayan amalanke na kai su kasuwa. Tabkin ya ci gaba da ciyar da garin, da ni, shekaru masu yawa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne maganar Ɗanladi. Mun saba in ruwa ya mutu mu ce masunta sun yi haɗama. Masunci ya san ruwa fiye da yadda za mu taɓa saninsa, ya san ranar da bai kamata a taɓa shi ba, kuma yawancinsu ba sa so. Amma yana da ciki, yana da iyali, mu kuma muna da mota. Hannunsa ne ke jan igiya, amma bakinmu ne ke cewa a ja. Saboda haka duk wanda zai tsaya a bakin ruwa ya ce a kawo masa kaya, ya fara tuɓe rigarsa ya shiga jirgi, ko sau ɗaya ne a rayuwarsa, ya leƙa ƙasa ya ga abin da yake shirin saye tun yana da rai.